Hannun da Na Ɗaga

Ni ne Mikkalos, mai sassaƙa filafili
a bakin tashar jiragen Firayus.
Shekara arba'in ina sauraron itace:
in ka ƙwanƙwasa gungume da ƙotar gizago,
wanda gara ta cinye wa ciki
shi ya fi kowanne daɗin amo.
Na san wannan tun ban yi gemu ba.
Ranar taro kaɗai na manta.

Da igiya mai jan rini aka koro mu daga kasuwa,
kowa na kakkare rigarsa.
Muka hau tudu, muka zauna kan dutse,
gurasar sha'ir tana hammatata.
Sai Hermonas ya miƙe.
Aka aza masa kambin ganye,
ya gyara mayafi, ya yi shiru,
shirun nan da aka ce da kuɗi ya saya
wurin wani baƙo mai auna magana
kamar yadda matata Bitinna ke auna zaitun.

Ya ce teku gonar gado ce.
Ya ce tsibirin can nunannen ɓaure ne,
miƙa hannu kawai yake jira.
Ya kira kakanninmu ɗaya bayan ɗaya
kamar jiya suka rabu a bakin rijiya.
Muryarsa ta hau, ta sauko,
ta karye daidai inda ake son ta karye,
ga hawaye, ɗigo ɗaya, ba biyu ba.

Wani tsohon matuƙi ya tashi yana in'ina.
Wai iskar watan nan ba ta da amana,
wai tulunan ruwa ba za su ishi jirgi sittin ba.
Ya rasa kalma, ya sosa ƙeya.
Muka kwashe da dariya.
Har da ni.
Da aka ce a ɗaga hannu
wannan na ɗaga, mai tabon gizago.

Jirgi sittin.
Ɗana Dorkon yana layin ƙasa,
inda gumin na sama ke ɗiga a wuya.
Na zaɓar masa filafili marar gaɓa,
na kwana uku ina shafe shi da mai.

Tara suka dawo.

Ka san wa aka ba jawabin makoki?
Na tsaya daga baya, na ƙirga:
gyaran mayafi, shiru, hawa, sauka,
ɗigo ɗaya a kumatun hagu.
Ya ce 'ya'yanmu taurari ne yanzu.
Bitinna ta ce a kunnena,
ita ba tauraro ta goya ba.

Daga baya na gan shi gaban alƙalai,
ruwa na tsiyaya daga tulun auna lokaci.
Kafin tulun ya ƙare ya wanke ɓarawo tas.
Bayan kwana shida, a wata shari'a,
da kalmomin nan dai, ko ƙura bai kaɗe musu ba,
ya shafa wa mai gaskiya baƙin tukunya.
An ce baki shi ke yanka wuya.
Ba a faɗa mana wuyan wa ba.

Shekaranjiya bawansa ya zo rumfata,
wai maigida na son filafili,
zai riƙe a hannu ran taro mai zuwa,
akwai wani tsibirin.
Na shiga can ƙurya,
na ɗauko wanda gara ta gama da shi,
na goge, na shafa mai har yana ɗaukar ido.
Yaron ya ƙwanƙwasa, ya ce, kai, ji amo!
Na ce, zai dace da hannunsa.

Gobe zan hau tudun.
Zan nemi inda mai in'ina yake, in yana raye,
in zauna kusa da shi,
in danne hannun nan a ƙarƙashin cinyata,
don har yanzu, in muryar can ta karye,
ina jin sa yana motsi.